Hattara da masu tallar "hutun iyali" zuwa Yankari da ƙasashen waje

Assalamu alaikum jama'a. Duk lokacin da hutun makaranta ya ƙarato, sai tallace-tallacen kai iyali yawon buɗe ido su cika Facebook da Instagram da zaurukan WhatsApp. A cikinsu akwai na gaskiya, akwai kuma na 'yan damfara, kuma na biyun sun fi iya tsara talla. Ina roƙon iyaye, musamman mata waɗanda aka fi turo wa irin wannan saƙo, su karanta kafin su tura wa kowa ko sisi.

Salon nasu kusan iri ɗaya ne. Za ka ga shafi mai suna mai daɗi, da hotunan giwaye da ɗakunan kwana masu ƙyalli da yara suna wanka a ruwan ɗumi na Wikki da ke cikin gandun dajin Yankari. An rubuta kwana uku a Yankari, mota mai sanyi, abinci sau uku, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Farashin kuwa, idan ka lissafa kuɗin mai kawai daga Kano ko Kaduna zuwa Bauchi ka dawo, za ka ga bai kai ba. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. A ƙarƙashin tallar mutane na ta yabo, "Alhamdulillah mun je mun dawo lafiya, Allah Ya saka." Buɗe shafukan masu yabon ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar yawancinsu sababbi ne, ba hoto, ba abokai, ba abin da suka taɓa rubutawa sai wannan yabon.

Da ka yi magana, sai a amsa maka da ladabi, "Hajiya, gurbin iyali biyu kawai ya rage." A nemi rabin kuɗi kafin alƙalami, a turo lambar asusu mai sunan wani mutum, ba sunan kamfanin ba. Idan ka tambaya, sai a ce ai na akawunmu ne, asusun kamfani yana da 'yar matsala. Bayan ka biya a jefa ka wani zauren WhatsApp da shugaban zaure kaɗai ke iya rubutu, don kada waɗanda aka yaudara su san juna. Ranar tafiya ta zo, a ce mota ta lalace. Mako mai zuwa a ce an samu rahoton tsaro. Daga nan wayar ta daina shiga.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda suke shigowa ta wajen yara. Suna turo bidiyo su ce a nuna wa yaran. Uba ko uwar da ta riga ta ce wa 'ya'yanta za a je ganin giwa, da wuya ta janye ko da zuciyarta ta fara ɗar-ɗar. Don haka kada a yi wa yara albishir sai an tabbatar da komai.

Maganin wannan damfara, a ganina, shi ne kai da kanka ka zaɓi inda za ku je, ka san wurin kafin wani ya zo ya kwatanta maka shi. Wanda ya san Yankari ba a yi masa ƙaryar Yankari. Gandun yana ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan jihar Bauchi ta karɓe shi a 2006. Ma'ana wuri ne na hukuma, yana da ofis da ma'aikata da kuɗin shiga sananne. Babu wani a Instagram da ke da "gurbi na musamman" da hukumar wurin ba ta san da shi ba. Ka nemi hanyar tuntuɓar masu kula da gandun, ko ka sa ɗan'uwa da ke Bauchi ya tambayo maka, ka ji ko sun san wannan kamfani, ko an kama ɗakuna da sunansa a ranar da aka faɗa.

Sannan ka yi wa mai tallar tambayoyin da sai wanda ya taɓa zuwa zai iya amsawa. Daga ƙofar shiga zuwa sansanin Wikki tafiya ce ta kimanin kilomita 40 a cikin daji; wanda ya ce maka da an shiga ƙofa an iso, bai taɓa taka wurin ba. Wanda ya yi maka alkawarin ganin giwa da zaki a watan Agusta ma haka. Da damina ciyawa ta rufe ko'ina, ruwa ya wadata, dabbobi sun bazu. Da rani ne suke taruwa a bakin kogin Gaji, shi ya sa aka fi ganinsu a lokacin. Ko da ranin ma sa'a ce, zakuna kam ƙalilan suka rage. Ruwan Wikki ɗuminsa yana nan wajen digiri 31 dare da rana, amma ba tafkin yara ba ne, akwai ɓangaren da zurfinsa ya shanye babba. Ga kuma birai da ke fizge leda daga hannun yaro ba kunya ba tsoro. Mai shirya tafiya na gaskiya shi zai fara gaya maka waɗannan, domin shi zai sha wahala idan wani abu ya faru. Ɗan damfara kuwa komai ka tambaya, "babu matsala" ce amsarsa.

Na ƙasashen waje ya fi ciwo saboda kuɗin ya fi yawa. Dubai suka fi amfani da ita, sai Masar, sai Umara haɗe da yawon buɗe ido. Ku tuna Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take ciki, ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza a 2022, ba ta dawo da ita ba sai a 2024, kuma da sharuɗɗa. Duk wanda ya ce yana da ɗan hannu da zai fitar wa iyali guda biza ba tare da takardu ba, ku guje shi.

Akwai wata dabara da ta ci mutane masu wayo ma. Za a turo maka takardar jirgi mai sunanka da na matarka da na yara, har da lambar ajiyar kujera mai haruffa shida. Ka shiga shafin kamfanin jirgin ka duba, ka ga sunayenku sun fito, hankalinka ya kwanta, ka cika sauran kuɗi. Abin da ba ka sani ba, ajiye kujera daban, sayen tikiti daban. Ana iya riƙe kujera na ɗan lokaci ba a biya ba, wa'adi ya cika ta goge da kanta. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13, kuma kowane matafiyi da tasa, har jariri. Idan babu wannan lamba, ba ka da tikiti. Idan akwai, kira kamfanin jirgin da kanka su tabbatar. Haka otal: ka nemo lambarsu daga shafinsu, ba wadda wakilin ya ba ka ba.

Binciken kamfani ba ya cin lokaci. Sunansa ana iya duba shi a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ko da yake rajista kaɗai ba ta wanke mutum, ɓarawo ma yana iya yin ta. Idan da Umara a ciki, a nemi lasisin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON. A tambaya ko suna cikin ƙungiyar wakilan tafiye-tafiye ta NANTA. Mafi muhimmanci, a je ofishinsu ƙafa da ƙafa, a tambayi maƙwabtan shago tun yaushe suke wurin, a biya ta asusun da ke ɗauke da sunan kamfani, a karɓi rasit mai bayanin abin da aka saya dalla-dalla.

Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya garzaya bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi, ya ɗauki hoton duk hirar da tallar da shaidar biya kafin a goge shafin, ya kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. Kuma ya shirya wa kira na biyu: bayan 'yan kwanaki wani zai iya bugowa ya ce shi jami'i ne ko lauya, an kama mutanen, a turo ɗan kuɗin aiki a dawo maka da naka, ko ka karanto masa lambar sirri da banki ya turo maka. Su ne dai suka sake dawowa. Kashe wayar, ka ƙara lambar a cikin rahotonka.