Kamshaf na ja ko na tsere: wanne za ka sa wa moton tafiya?

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka tambaye ni wane kamshaf za ka sa wa motonka na tafiya mai inji 200 cc, na ja ko na tsere. Kamshaf, ko kam a taƙaice, shi ne ƙarfen da ke juyawa yana buɗe bawul, wato ƙofofin da iska da mai ke shiga inji, hayaƙi ya fita. Cikin biyun da mai kayan ya ajiye maka, ɗauki na ja, wato mai gajeren buɗi, ka bar mishi na tseren. Moto mai 200 da ke ɗaukar mutum biyu da kaya daga Maraɗi zuwa Dakoro ko Tasawa ba shi da abin da zai yi da kamshaf ɗin da ba ya farkawa sai inji ya yi kururuwa.

Irin mai gajeren buɗin ke cikin nawa, 150 mai kam a saman inji da sarƙar taimin. Ba a kwalta na ga amfaninsa ba, don a kwalta kusan kowane moto jarumi ne. A yashin Gulbin Kaba na gani, wajen Mayahi, ranar da muka je ɗaurin aure wani ƙauye ni da ƙanen mai ɗakina. Shi kuwa ba ƙaramin mutum ba ne, ga buhun gero da aka ɗora mana a dawowa, tunda ba a mayar da kyautar surukai. Duk wanda ya san wurin ya san yadda ake ƙarewa: ka shiga da gudu, tayar baya ta fara haƙa, ka riƙe kuloci rabi kana murza mai har warin ƙuna ya taso, daga bisani na baya ya sauka ya tura. Akwai ma yaran da ke zama gindin goriba suna jiran hakan, su tura a ba su ɗan canji. Na sa giya ta biyu, na saki kuloci gaba ɗaya, na riƙe mai wuri guda. Injin bai ɗaga murya ba, sai gurnani ƙasa-ƙasa, kana iya ƙirga bugunsa, yana ta ja har muka hau tudun ƙetare ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Yaran har sun miƙe sun karkaɗe wando, suka koma suka zauna. Da muka tsaya shan ruwa mutumin nawa ya yi ta zagaya moton yana leƙen inji, wai shi bai yarda 150 ba ne.

Ba wani siddabaru a ciki. Kam ba ya ƙara wa inji girma. Aikinsa kawai ya tsara yaushe bawul zai buɗe, iya ina zai buɗe, yaushe zai rufe. Cikin ukun nan wanda ya fi shafarka shi ne lokacin rufewar bawul ɗin shiga. Fistan yana sauka ya zuƙo iska da mai, ya kai ƙasa, ya juyo sama. Bawul ba ya rufewa nan take, ana barinsa a buɗe kaɗan don iskar da ta taho da gudu ta ƙarasa shiga. To matsi ba ya farawa sai ya rufe. In inji na juyi 8,000 a minti, iskar tana da ƙarfin da za ta ci gaba da kutsawa ko da fistan ya juyo, don haka jinkirin rufewa riba ne. In kuwa yana juyi 3,000 ko 4,000, inda kai za ka yini da kaya a baya, iskar ba ta da wannan ƙarfin, sai fistan ya turo wani kasonta ya koma kafireta. Abin da ya rage a ciki ya yi kaɗan, matsi ya faɗi, bugu ya yi laushi. Kana so ka gani da idonka? Sami moto mai kam na tsere, cire robar iska, ka kara tafin hannu kusa da bakin kafireta yana sulo. Za ka ji feshin mai yana dawowa yana jiƙa maka hannu. Man da ka saya ne yake fita ta inda ya shiga.

Saboda haka in akwai takarda a cikin kwalin, lamba ɗaya za ka nema kafin duk sauran: a digiri nawa na juyin inji bawul ɗin shiga ke rufewa bayan fistan ya kai ƙasa. A irin ƙananan injunanmu, wajen 30 zuwa 40 na aiki ne. Wanda ya kai 50 da ɗoriya na gudu ne, ko me aka rubuta a kwalinsa. Amma ka duba a ina aka fara awon. 'Yan Japan suna aunawa daga lokacin da bawul ya ɗaga milimita 1, Amurkawa kuma suna da nasu awon na inci, 0.050 ko 0.053. Takardu biyu masu awo daban ba a jera su a ce wannan ya fi wannan.

Na tseren fa? Ba zan ce bai da amfani ba. In kana cikin samarin da ke kwanciya kan tanki a hanyar Tibiri ranar kai amarya, zai ba ka ɗan ƙarin gudu a can ƙarshen maƙura, tare da sulo mai tari da shan mai. Dokin sukuwa ne, kai kuwa takarkari kake nema.

Na san inda sha'awar ta fito, bidiyoyin Amurka ne da ake ta turowa, a canza wa babur kam ya dawo yana tsalle. Waɗancan Harley-Davidson ne. Injinsu na Milwaukee-Eight da ya fito da baburan 2017, ƙaraminsa ma ya haura 1,700, kuma kam ɗin da kamfani ke sa mishi an daidaita shi da dokokin hayaƙi da ƙara na can, shi ya sa kamfanoni irin su S&S da Andrews ke da kasuwar sayar da madadinsa. Amma ka lura, ko a can ɗin, masu manyan baburan tafiya da ke kusan kilo 400, ga mata a baya ga akwatuna, mai rufewa da wuri suke nema. Namu motocin an ƙera su ne don aikin kabu-kabu da dakon kaya, kam ɗinsu na asali ma dama na ja ne. Kada ka sa ran 200 ɗinka zai koma 400. Abin da za ka samu shi ne ƙarfin ya sauko inda hannunka ke zama, ka rage sauya giya a hawa, kuloci ya huta. Sau da yawa ma rabin daɗin da mutum ke ji ba daga sabon kam ba ne, daga rabuwa da tsohon da tozonsa, wato ƙullutun da ke tura bawul, ya cinye ne.

Mai gajeren buɗin ma yana da nasa sharaɗi, kuma a garinmu ba ƙarami ba ne. Tunda yana rufewa da wuri, matsi yana ƙaruwa. Haɗa wannan da zafin Afrilu da Mayu, lokacin da awo ke wuce 40, da man kwalba na bakin hanya da ba ka san abin da aka sirka a ciki ba, sai inji ya fara wata siririyar ƙara, kas-kas-kas, in ka murza mai a babbar giya. Wannan ƙarar mai ne ke fashewa ba bisa ƙa'ida ba, kuma fistan take ci. In ka ji ta, sauko da giya ɗaya, kada ka yi mata taurin kai. Ni in zan yi nisa a gidan mai nake cikawa, in ɗauki ƙari a jarka. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, rangwamen da ke jan mutum wajen 'yan ruwa-ruwa masu man kwalba ma ba kamar da ba ne.

Kafin ka ba da ko dala, tabbatar da irin injinka. Da yawa daga motocin Sin da ke yawo a nan kwafin Honda CG ne, wanda kam ɗinsa ke ƙasa, tozo ɗaya tak ke tura bawul biyun ta sanduna. Wasu kuma kam a sama ne da tozo biyu da sarƙa. Lambar 200 a jikin tanki ba ta gaya maka wanne ne naka, kuma na wannan ba ya shiga wancan.

Yanzu wadda ba ka tambaya ba. Akwai masu kayan gyara, nan da ƙetaren Jibiya duka, da ke tara tsofaffin kam su kai wa mai injin gyaran ƙarfe. A zaftare bayan tozon don ya zama kamar ya ƙara tsawo, ko a ɗora walda a kan wanda ya cinye a goge, a wanke da fetur, a shafa baƙin mai, a sa cikin kwali mai hoton tuta da wuta, a ƙara jikka biyu ko uku a kan kuɗin sabo. Matsalar, taurin kam a fatarsa yake. Da an zaftare fatar ko an yi walda ba a sake gasa ƙarfen ba, tozon zai cinye cikin ɗan lokaci, garin ƙarfen ya bi mai ya zagaya inji duka. Tafi da tsohon naka a aljihu. Jera su, ka nemi a auna maka da ma'aunin ƙarfe: tsawon tozo, a cire faɗin da'irar gindinsa, abin da ya rage shi ne ɗagawar. In da'irar gindin sabon ta fi ta naka ƙanƙanta sosai kuma ba takardar da ta yi bayani, ajiye mishi. Duba gefen tozon a rana, walda tana barin ƙananan ramuka da sauyin launi. Ka kuma goga magagari kaɗan a gefen, ba a fuskar da roka, ɗan ƙarfen da ke danna bawul, ke bi ba. Ƙarfe mai tauri magagari zamewa yake a kansa, in ya ci ya bar zane, ka yi sallama. Wanda ya hana ka aunawa, ya ce ai kwali a rufe yake, ya riga ya ba ka amsa. Haka wanda ya rantse maka kam ɗaya zai ba ka ja a ƙasa, gudu a sama, da ƙarancin shan mai duk a lokaci guda.

Wajen ɗaurawa kada ka yi rowa. Sabon kam da tsofaffin roka ba sa zama lafiya, fuskar rokar ta riga ta ɗauki siffar tsohon, canza su tare. A duba sarƙar taimin da abin ɗaure ta. Ka tsaya a kan bakanike lokacin da yake daidaita alamar T, wadda ke nuna fistan ya kai sama, don kuskuren haƙori ɗaya a sarƙar ya haura digiri 20 na juyin inji, wato ya kai ko ya fi duk bambancin da ke tsakanin kam biyun da kake ta auna wa. In sabon ya fi na asali ɗagawa, a manna ɗan cingam ko laka a kan fistan, a rufe, a juya inji da hannu sau biyu, a buɗe a ga kaurin da ya rage. In bai kai milimita 1.5 zuwa 2 ba, bawul da fistan za su gaisa wata rana a tsakiyar daji. A duba sifirin ma kada ya matse ƙurmus. Tazarar bawul da sanyin inji ake sa ta, da ma'auni, ba da kunne ba. Bayan 'yar tafiya kaɗan a zubar da man farko, a sake duba tazarar, a kalli launin buji ko kafireta na son gyara.

In aljihu bai kai ba a wannan watan, fara da pinyo, haƙoran sarƙa na gaba. Daga 14 zuwa 13 yana ƙara wa tayar baya ƙarfin ja kusan kashi 8 cikin 100 a kowace giya, ya rage maka gudu kusan haka, kuma aikin rabin awa ne. A doguwar kwaltar Damagaram za ka ji injin yana ɗan ƙara ihu, shi ya sa ga mai tafiya mai nisa na fi son kam ɗin.

Idan an gama aiki karɓi tsohon kam ɗinka da rokokinsa ka tafi da su gida. Waɗanda ake bari a ƙasan tebur ɗin gareji su ne ke dawowa kasuwa cikin sabon kwali.