Sharhi a kan manhajar da aka ƙera wa shagunanmu na Kantin Kwari

Muna sayar da atamfa da shadda da leshi a kan sari a kasuwar Kantin Kwari da ke Kano, muna da shaguna biyu da kuma sito a wajen kasuwa, kuma an kwana biyu muna aiki da wata manhaja da wani ƙaramin kamfani ya ƙera mana daidai da tsarin cinikinmu. A ganina kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma ba kowane ɗan kasuwa zan ba shawarar ya bi wannan hanya ba, domin yawan ciniki kaɗai bai isa ya zama hujjar kashe irin waɗannan kuɗi ba.

Kafin mu kai nan mun yi amfani da littafi, sannan Excel, daga baya muka koma wata manhajar lissafi ta ƙasar waje wadda ake biyan kuɗinta duk wata da dala. Ta fuskar fitar da rasit da lissafin harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari ba ta da makusa. Inda ta gaza shi ne yadda kaya ke tafiya a hannunmu. Dila ce take sauka a sito, a kwance ta a sayar turmi-turmi, shadda kuma ta zo a bandir a yanke ta yadi-yadi, sannan farashin da za a ba wanda ya ɗauki turmi biyar daban yake da na ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ya saba ɗaukar kaya bashi ya biya bayan ya sayar. Ga kuma la'adar dillali, wadda wani lokaci a kan turmi ake yanke ta, wani lokaci a kan jimillar ciniki. Manhajar ba ta da gurbin waɗannan abubuwa, saboda haka yaran shago suka buɗe wani littafi na daban a gefenta.

Wannan littafi na biyu shi ne alamar da nake ganin ya kamata mai kasuwanci ya lura da ita. Matuƙar manhajar da ake saya a shirye tana ɗaukar aikin, ko da da ɗan jan ƙafa ne, babu dalilin ƙera sabuwa. Amma idan ya zama ana rubuta ciniki ɗaya sau biyu, lissafin sito ya daina dacewa da na shago, maigida kuma ba zai iya faɗin bashin da yake bin mutane ba sai ya kira akanta, to asarar da ake yi a ɓoye ta fara fin kuɗin ƙira. Mu abubuwa biyu ne suka ƙara ingiza mu. Ƙarancin takardun naira a farkon shekarar 2023 ya mayar da yawancin ciniki taransifa, har ta kai kuɗi su shigo da sunan wani alhali kayan na wani ne. Sannan bayan an bar kasuwa ta riƙa yanke darajar naira a watan Yunin 2023, dalar da a hukumance ba ta kai naira 500 ba ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin wata-wata na manhajar waje ya ninka ba tare da aikinta ya ƙaru ba.

Abin da ya fi burge ni a sabuwar manhajar shi ne tana aiki ko babu intanet, sai sabis ya dawo ta haɗa bayanan shagunan da na sito, wanda duk mai zama a cikin kasuwa ya san muhimmancinsa. Tana bin dila tun daga saukarta har turmin ƙarshe, tana nuna iyakar bashin kowane abokin ciniki, kuma ba ta barin a fitar masa da kaya fiye da haka sai da amincewar maigida. Rigimar la'ada da dillalai ta ragu ƙwarai, tunda kowa yana ganin nasa a rubuce.

Sai dai akwai inda ban gamsu ba. Aikin ya wuce lokacin da aka yi alkawari, kuma kuɗin ƙira somin taɓi ne kawai, domin akwai na kulawa duk shekara, da na wurin ajiyar bayanai, da na duk wani gyara da ba ya cikin yarjejeniyar farko. Daidaita alat na banki da rasit har yanzu da hannu ake yin rabinsa. Babban abin da ke damuna shi ne mutum ɗaya ne a kamfanin ya san cikin manhajar sosai, ranar da ya yi tafiya kuwa sai dai mu jira. Saboda haka wajibi ne yarjejeniya ta fayyace cewa asalin rubutun manhajar da bayanan da ke cikinta mallakin mai kasuwanci ne, kuma a miƙa masa kwafi. Tun da ana ajiye sunaye da lambobin wayar abokan ciniki, dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ma ta shafi lamarin.

Mai shago ɗaya da ke sayar da kaya a farashi guda, kuɗi hannu, Excel ko manhajar da ke zuwa tare da na'urar POS ta wadatar da shi. Wanda ya ɗan fi haka girma ya fara gwada irin su Odoo, wata manhajar kasuwanci da ke zuwa a shirye, wadda take da nau'in kyauta da masani zai iya gyara masa ya dace da aikinsa, kafin ya yi maganar ƙera tasa daga tushe.