Sau biyu na tura masa kuɗi, ashe waƙafi ɗaya ne ya riƙe aikin

Jama'a, har yanzu raina tafasa yake. Sau biyu na tura wa wani da ya ce zai gyara min matsalar manhajar lissafi kuɗi. Sau biyu! Kuma ni ba sabon shiga ba ne, shekara tara ina riƙe da lissafin kamfani, ko sisi bai taɓa ɓata a hannuna ba.

Bayanan kwastomomi nake lodawa daga fayil ɗin CSV, wato fayil mai layi-layi da waƙafi ke raba bayanan cikinsa, zuwa sabuwar manhajar lissafin da muka koma, layi 6,200. Da ya kai kashi 87 sai ya tsaya cak. Babu saƙon kuskure, ɗan zoben nan kawai ke ta juyawa. Na kashe na kunna, 87. Na sake, 87. Ga ƙarshen wata, ga oga yana jira.

Lambarsa a intanet na samo, can sama inda ake jera talla, da tambarin manhajar a jiki. Ban gama bayani ba ya ce, "Yallaɓai, a 87 ya tsaya ko?" Wannan maganar ce ta kashe min jiki. Na ce to, wannan ya san aikinsa. Sai da dare na tuna ashe ni da kaina na tura masa hoton allon kafin ya kira. "A 87 ya tsaya ko?" Wa zai ji haka bai yarda ba?

Ya sa na sauke AnyDesk, manhajar da ke ba wani ikon sarrafa kwamfutarka daga nesa, na karanto masa lambar shiga, ina kallo linzamina na yawo shi kaɗai. Ya buɗe Event Viewer, inda Windows ke ajiye rahoton abubuwan da suka faru a kwamfuta, ya nuna min jajayen alamomi rututu, wai rumbun bayananmu na daf da rushewa. Daga baya na ji kowace kwamfuta mai Windows tana da su. Na biya kuɗin gyara. A'a, na lasisi ne farko, wai namu ya ƙare, sannan na gyara. Ko ma wanne ne, sau biyu dai. Bayan na biyun ya toshe ni. Abin da ya fi ci min rai, ya kwashe fayil ɗin kwastomomin da lambobin wayarsu.

Washegari yarinyar da ke koyon aiki a ƙarƙashina ta buɗe fayil ɗin a Notepad, manhajar rubutu ta Windows. Wani suna ne mai waƙafi a tsakiya, babu alamar zance da ta kewaye shi, sai adireshi ya faɗa gurbin kwanan wata. Ta gyara, ta raba fayil ɗin layi 500-500, ya wuce lafiya. Minti goma. Kyauta.

Hotunan hirarmu da rasit biyun suna nan, zan saka su da na rufe sunayen mutane. Kada ku ba baƙo ikon shiga kwamfutarku, lambar masu manhaja kuma ku ɗauko ta daga cikin manhajar. Ni yanzu ban ma san da wane baki zan gaya wa oga zancen fayil ɗin nan ba.