Aikin hannun ɗiyata: likitan gwani ne, amma akwai maganar da ba a gaya mana ba

Mata da yawa a nan Gusau suna tsare ni a gidan biki ko a bakin Islamiyya suna tambaya ko aikin da aka yi wa ɗiyata a Kano ya yi kyau. Wasunsu 'ya'yansu ma irin hannun ke gare su, wanda ya ji rauni wajen haihuwa. Amsata ta farko kullum alhamdu lillahi ce, kuma har zuciya nake faɗa. Likitan ya san aikinsa, ban taɓa zama gaban likitan da ya ba ni lokacinsa kamar shi ba. Ba zan kama sunan asibitin ba. Na kuɗi ne, kuma duk wanda ya yi yawon neman maganin ƙashi ya san yadda suke caji. Mu dai sai da filin babanta na hanyar Ƙaura ya tafi.

Shekararta 15. An haife ta da nauyin da ya haura kilo 4, ni kuma ina fama da suga a cikin nan. Kai ya fito, kafaɗa ta maƙale, aka ja. Kafin suna an lura hannun dama a sake yake, manne da jiki, tafin ya juya baya, yatsu kaɗai ke motsi. Dangin uba suka ce shan inna ce, wasu suka ce iska, mai ɗori ya duba ya ce babu karaya. Da watanni suka tura gwiwar hannun ta fara lanƙwasa, kafaɗar ce ta ƙi. Haka ta girma. In za ta kai loma baki sai ta ɗaga gwiwar hannu kusan saitin kunne, ta duƙo da kai ta tarbi hannun a hanya. Da ta fara wayo sai ta koma ci da hagu a ɗaki, in akwai baƙi ta ce ta ƙoshi. Wannan shi ya fi komai ƙona mini rai, don yarinya ce mai son mutane.

Ranar ganin farko likitan ya sa ta kai hannu baki, ta kai ƙeya, ta kai ciki, ta kai baya, yana rubutawa. Sannan ya jawo takarda ya zana mana jijiyoyi 5 da ke fitowa daga lakar wuya su sarƙe kafin su gangara hannu, ya nuna biyu na sama ya ce su ne suka ji rauni lokacin haihuwa. Ya ce ana kiran abin ciwon Erb, da sunan wani likitan Jamus da ya yi bayaninsa a 1874. Sai ya dube ni ya ce, "Hajiya, jijiya ba zan taɓa ta ba, lokacinta ya wuce." Gabana ya faɗi, amma ya yi mini dalla-dalla. Yawancin jariran da aka haifa da haka suna warkewa da kansu a watannin farko. Wanda ya kai wata 3 zuwa 6 gwiwar hannu ba ta lanƙwasa, shi ake duba wa aikin jijiya, kuma kafin ya shekara ake so a yi, don tsokar da ta yi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu babu saƙon jijiya ba ta ƙara farkawa. Akwai kuma aikin da ake ɗauko jijiyar tsoka daga bayan hammata a dasa ta a kafaɗa, amma wannan ya fi yi wa ƙananan yara da mahaɗar kafaɗarsu ba ta riga ta karkace ba. Ita kuwa hoton sikanin ya nuna gurbin kafaɗar ya baje, kan ƙashin ya zame baya. Abin da ya rage shi ne a yanke ƙashin dantse, a juya shi waje, a kama shi da ƙarfe da kusoshi.

Bai yi mana daɗin baki ba. Ya ce hannun ba zai ƙara tsawo ba, ba zai yi ƙarfin na hagu ba. Ya lissafa zubar jini, ruɓewar ciwo, da yiwuwar ƙashi ya yi jinkirin haɗewa. Sannan ya juya kujerarsa ya fuskanci yarinyar. "Ƙanwata, ke me kike so hannun nan ya yi miki?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "In ci abinci cikin mutane, in ɗaura ɗankwalina da kaina." Ya ce waɗannan biyun da yardar Allah za ta samu. A nan ya saye ni. Mun sha haɗuwa da masu cewa allura kaza za ta miƙar da hannun, wannan shi ne na farko da ya tambayi mai hannun.

Aikin kansa babu abin cewa. An yi lafiya, an sallame mu da hannu a rataye, aka ba mu ranar komawa bayan mako 6.

Ranar komawar ce ta ɓata mini komai. Duk ɗan Zamfara ya san mene ne kama hanyar Tsafe zuwa Yankara zuwa Funtuwa a wannan zamani. Ba a sammako, ba a yin dare, kana cikin mota kana addu'a, ga yarinya da ɗanyen aiki kowane rami sai ta cije leɓe. Babanta ya kira tun ana gobe aka ce mu zo, likita na nan. Muka isa, muka biya kuɗin gani, aka sake hoton ƙashi, muka zauna a benci har aka yi azahar aka yi la'asar. Sai da na tashi na tambaya sannan wata ta ce ai babban likita ya yi tafiya tun shekaranjiya. Tun shekaranjiya! Lambarmu tana cikin fayil, a shafin farko, da hannuna na rubuta ta.

Wani matashin likita ya gan mu a tsaitsaye. Ya ɗaga hoton a hasken taga ya ce ƙashi na haɗewa, ya kwance maratayin, ya ce ta gwada kai hannu baki. Ta kai. Gwiwar hannu a ƙasa, kai a miƙe, yatsu suka taɓa leɓe kamar na kowa. Na fashe da kuka a gabansu, ban ji kunya ba. Amma ita ba ta yi murmushi ba. Na ga tana ta ƙoƙarin maido hannun kan cikinta, yana tsayawa a iska, da tazara tsakaninsa da riga, tana murɗa wuyan hannu don yatsu su kai. A hankali ta ce, "Likita, mi ya sa ba ya kai cibiyata? Da yana kai."

Ya ce, "Ai haka aikin yake. Ba a gaya muku ba?"

Ba a gaya mana ba. Na rantse ba a gaya mana ba. Na ce masa, "Likita, an gaya mana jini, an gaya mana ruɓewa, wannan ko sau ɗaya ban ji shi ba." Ya ce wataƙila yana cikin takardar da aka sa wa hannu. Takardar nan da Turanci take, a baranda aka miƙa wa babanta ana shirin tura yarinya ɗakin tiyata, wa ke da natsuwar karatu a lokacin? Ya ce mu je mu fara gashin ƙashi a can garinmu, ya fita. Ko layi ɗaya bai rubuta wa masu gashin ba, ba su san nawa aka juya ƙashin ba, ba su san wane motsi aka hana ba. Muka kwana a gidan 'yar'uwa a Kano, yarinyar ta juya wa bango fuska, ni kuma ban rintsa ba.

Sai a Gusau wata ma'aikaciyar gashi, Allah ya saka mata da alheri, ta zaunar da mu ta yi bayanin da ya kamata mu ji tun farko. Juya ƙashi ba ya ƙara wa kafaɗa motsi. Ɗan motsin da take da shi ne ake matsar da shi daga wajen ciki zuwa wajen waje, kamar guntun mayafi, in ka ja ka rufe kai ƙafa ta fito. Abin da ta samu wajen kai hannu baki da ƙeya, daga wajen ciki da baya aka ɗebo shi. Shi ya sa likitoci ke auna yadda hannu ke kai cibiya kafin su yanke nawa za su juya. Kenan babban likitan ya sani, da idona na ga ya auna ya rubuta. Ga mace kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Soke zane, jan zif ɗin siket, ɗaure tazuge, duk a tsakiyar jiki ake yin su. Watannin farko ni ke soke mata zane, budurwa mai shekara 15.

Gaskiya ɗaya ce, gashin ya taimaka, kuma abin da aka yi alkawari an cika. Yanzu tana zama a faranti ɗaya da ƙannenta da baƙi ta ci tuwo da dama. Tana ɗibar ruwan alwala da hannu biyu ta wanke fuska, tana shafar kai, kabbara hannayen suna tashi tare ko da na dama bai kai na hagu ba. Ɗankwali kuwa har salo take yi masa. A tsaye ma hannun ya daina wannan juyawar da ke sa mutane kallo a kasuwa. Cikin ya ɗan dawo, tana soke zane da taimakon hagu, amma kai hannu baya ya tafi, kuma mai gashin ta ce kada mu sa rai sosai. In na gan ta tana cin abinci sai in ji filin bai tafi a banza ba, in ce ko gobe zan tura mutum wajen likitan nan.

Sai kuma in tuna bencin nan, in tuna "ba a gaya muku ba?", raina ya sake ɓaci. Mutumin da ya iya juya kujera ya tambayi yarinya abin da take so, me zai hana shi ƙara jimla ɗaya ya ce ga abin da za ki rasa? Da ya faɗa, na tabbata za ta amince, don na tambaye ta daga baya ta ce, "Inna, ko na sani sai an yi." Amma da ta shiga da saninta, da ba ta yi kwanan baƙin cikin nan ba tana zaton aiki ya lalace. Da muka samu ganinsa a komawa ta gaba na gaya masa a fuska. Ya saurara, ya ce yakan faɗa, mai yiwuwa ranar ya wuce shi. Haƙuri dai bai bayar ba, kuma kuɗin ganin da muka biya ranar da ba ya nan ba a maido ba.

Matan da ke tambayata, abin da nake ce musu shi ne, in jariri ne kada a tsaya ɗori da hayaƙi, a kai shi wajen likitan ƙashi da masu gashi tun yana watanni. In ya girma kamar tawa, a shiga da yaron, a sa likita ya nuna da hannunsa inda hannun zai kai da inda zai daina kaiwa, a ce a karanta takardar da Hausa kafin ranar aiki, kuma kada a bar asibitin sai da rubutacciyar wasiƙa zuwa ga masu gashi. Ƙarfen yana nan a dantsenta. An ce in ba ya damunta ba dole a cire ba. In ta kama a cire, ni da babanta mun riga mun gama magana, wani wajen za mu nema.