Ma'aikaciyar Jinya ko Dattijuwa Daga Dangi: Wacce Ta Fi Dacewa da Hajiya?

'Yar'uwa, kin ce an sallamo mahaifiyarku daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki, tana da ciwon sukari da hawan jini, ba ta iya tashi da kanta, ku 'ya'yanta kuma duk kuna fita aiki. Kina tambaya ko ku ɗauki ma'aikaciyar jinya, ko kuwa ku ɗauko wata gwaggonku bazawara daga ƙauye ta zauna da ita. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne.

Abin da nas za ta kawo muku shi ne ido mai ilimi. Wanda ke kwance ba ya motsi, sai an riƙa juya shi kusan duk bayan awa 2, in ba haka ba fatar ƙugu da ta dunduniya da ta ƙasan baya ta fara ja, daga nan ta ɓule ta zama gyambo, kuma gyambo a jikin mai ciwon sukari yana da wuyar warkewa. Nas tana gane wannan jan tun bai ɓule ba. Ta san cewa mai shanyewar jiki sau da yawa haɗiya tana ba shi wahala, don haka sai an tallafe shi ya zauna sosai kafin a ba shi ko da kunu ne, domin abincin da ya bi hanyar numfashi yana iya zama ciwon huhu. Ita ce za ta iya yin allurar insulin, ta kula da robar fitsari, ta kuma bambance barcin gajiya da na faɗuwar sukari. Sai dai ba duk mai farin kaya ba ce nas. Ku nemi ganin lasisinta na Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, ku duba ko an sabunta shi. Akwai kuma ma'aikatan lafiya na al'umma, waɗanda suka fito daga makarantun koyon aikin lafiya. Suna da tasu rajistar, kuɗinsu ya fi sauƙi, kuma awon jini da na sukari da wankin ciwo ba sa gagarar su.

Inda nas ke da rauni shi ne lokaci da kuɗi. Yawancinsu suna da aikinsu na asibiti, suna zuwa ne na 'yan sa'o'i, kuma idan kuna son a rufe dare da rana sai kun biya mutum biyu ko uku.

Gwaggo kuwa tana da abin da ba a koyarwa a makaranta. Hajiya ta san ta, ba za ta ji nauyin ta yi mata tsarki ko ta canza mata zane ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga dattijuwar da ta shekara 70 ba wanda ya ga jikinta. Gwaggo za ta taimaka mata da alwala ko taimama, ta juya ta ta fuskanci gabas, ta ɗebe mata kewa da labarin mutanen da, kuma tana nan da ƙarfe uku na dare lokacin da tari ya taso. Na ga hakan a kan kakata: nas tana shigowa sai ta kawar da kai ga bango, amma da ƙanwarta ta zauna a bakin gado ta miƙo cokali sai ta buɗe baki.

To amma tausayin da babu sani yana da nasa haɗari. Gwaggo ce za ta ga Hajiya tana barci ta ce a bar baiwar Allah ta huta, har awa 6 ta wuce ba a juya ta ba. Ita ce za ta zuba sukari a koko don a samu ta sha, ko ta karɓi jiƙo daga maƙwabta ta haɗa da maganin asibiti. Ga kuma wata matsalar da ba a cika faɗi ba: nas idan ta yi kuskure za ki iya gyara mata ko ki sallame ta, amma wadda ta goya mahaifinku ba ta gyaruwa a bakinki sai da dabara. Sannan ku duba shekarunta, domin ɗaga babban mutum daga gado zuwa kujera aiki ne da ke karya baya.

Ɗauko ƙaramar yarinya 'yar aiki don wannan hidima ba na sa shi a lissafi. Ba za ta iya ba, kuma dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana sa yaro aikatau a wajen gidansu ko danginsa.

A ganina, halin da Hajiya take ciki yana buƙatar su biyun, kowacce da iyakarta. Gwaggo ta zauna a gida, nas ta riƙa zuwa kullum a makonnin farko, ta koya mata juyawa da ciyarwa a gabanku, daga baya a rage zuwan nata gwargwadon yadda likita ya gani. Gashin jiki kuma, wato motsa gaɓoɓin da suka shanye, aikin masaninsa ne, kada a bar shi ga ko ɗaya daga cikinsu. Ku yanka wa gwaggo albashi bayyananne da ranar hutu, kada ku fake da zumunci. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai hau kan gidaje ba, amma ma'auni ne da za ku iya dubawa. Ku ajiye littafi a gefen gado a riƙa rubuta lokacin magani da awon jini da na sukari, ɗaya daga cikinku ya riƙa duba shi duk dare, ku kuma tafi da shi ranar komawa ganin likita.