Ɗan baya: zama a kulob ɗaya ko yawon neman na kai?

Wannan gardama ba ta ƙarewa a teburin mai shayi na Tudun Wada, musamman in an taso daga gidan kallo. Masu goyon bayan zama wuri ɗaya kullum Paolo Maldini suke kawowa: daga 1985 zuwa 2009 rigar AC Milan kaɗai ya sa, ya ɗaga kofin zakarun Turai sau 5. Hujjarsu tana da nauyi, domin aikin ɗan baya sai da sabawa da juna. Sai ka san halin golanka da motsin abokin tsayuwarka kafin tarkon satar gida ya kama kowa.

Amma fa Maldini a gidan AC Milan ya tashi, mahaifinsa ma ya taɓa zama kyaftin a can. Yaron da ya koyi tare ƙwallo a jar ƙasar filin Murtala Square na Kaduna, takalmi ɗaure da tsumma, zama bai kama shi ba. Dubi Efe Ambrose, haifaffen Kaduna: daga Kaduna United zuwa Ashdod ta Isra'ila, sai Celtic a 2012, ga kofin Afirka a 2013, daga baya Hibernian. Da ya tsaya gida, wa zai gan shi? Celestine Babayaro ma ta Anderlecht ya bi ya isa Chelsea a 1997.

Ni na fi karkata ga tafiya, in dai hawa ake yi. Wadda nake tsoro ita ce ta bayan shekara 30: kwantiragin wata 6, sabon koci, sabon yare, ga gwiwa tana ƙara.