Modul ɗin gangar lantarki: a bar shi a rak ko a sai masa sitan nasa daban?

Duk mai gangar lantarki akwai ranar da zai gaji da inda kamfani ya maƙala masa modul, wato akwatin nan da yake ƙwaƙwalwar gangar mai fitar da sauti, ko dai ya yi nisa sai ka miƙe kafin ka canza kit, wato jerin sautukan gangar, ko ya yi kusa har makaɗi na dukansa in ka zo hai-hat, ko kuma rak ɗin, ƙarfen da ke riƙe da gangunan, na rawa modul ɗin ma na rawa har rubutun sikirin ba ya karantuwa. Wasu kuma ba su da rak ɗin ma sam, gangar katako ce suka sa wa tiriga, na'urar da ke jin duka ta aika wa modul, suna neman inda za su ajiye ƙwaƙwalwar. To kafin ka tura kuɗi a kawo maka sitan, wato ƙarfe mai ƙafafu da ake ɗora shi a kai, daga kasuwar Alaba ta Legas ko ka yi oda daga waje, tsaya ka juya modul ɗin ka kalli ƙasansa tukuna, don a nan rigimar take.

A ƙasan za ka ga ramukan sukuru inda ake ɗaure faranti, farantin kuma yana da ɗan bututu da yake shiga cikin kilam, wato maƙalin da ke cije bututu, ko kan sitan. Manyan modul na kamfanin Roland da su SPD-SX da Octapad ramuka huɗu ne, shi ya sa farantin MDP-7 yake hawa kansu, amma ƙananan irin TD-17 da nasu farantin suke zuwa kuma ba iri ɗaya ba ne da wancan. Yamaha ma da nata, MAT1. Wato in ka sayi modul na hannu ba a haɗo maka da farantinsa ba, wlh ko sitan ɗin zinare ka saya ba inda za ka ɗora shi, don haka farantin ne farkon abin nema. Bututun yawanci kaurinsa milimita 22 da ɗan ɗigo ne, abin da ake kira inci 7/8, sai ka auna naka ka riƙe lambar a ka. Sukuru kuma M5 ne a na Roland, gajeru, kuma don Allah ka yi amfani da waɗanda suka zo da na'urar, kar ka je wajen masu noti a ba ka dogo ka ce ai ya fi kamawa, dogon sukuru wucewa yake ciki ya je ya taɓa bod, allon lantarkin da ke cikin na'urar, kuma gyaran bod a ƙasar nan kai ma ka san labarin.

Abu na biyu da mutane ke mantawa sai kaya sun iso shi ne waya. Su TD-07, TD-17, TD-27 da Alesis Nitro duk waya ɗaya ce mai kai mai fil 25 take fita daga modul sannan ta rarrabu zuwa kowane fad, wato faifan da ake duka, kuma kowane reshe an yanke shi daidai tsawon da zai kai inda fad ɗinsa yake a kan rak, ba a bar maka rara sosai ba. Da ka janye modul ɗin taku ɗaya gefe sai ka ga wayar simbal ɗin raid ko ta gangar tom na ƙarshe ta ƙi kaiwa, ko ta kai amma a miƙe tamau tana jan jak, inda ake soka wayar. Maganinsa wayar ƙari mai kan inci 1/4, amma ka tabbata mai zobe biyu ce, TRS, don in ka sayi mai zobe ɗaya irin ta jita to bakin gangar siniya da gefen simbal za su yi shiru ka zauna kana zagin modul alhali ba laifinsa. Masu TD-50 su ba ruwansu da wannan sosai tunda kowane fad da jak nasa, sai dai su sayi dogayen wayoyi kawai.

In waɗannan biyun sun zauna sai a zo kan sitan ɗin kansa. Mafi sauƙin kai shi ne na kamfani, Roland na da PDS-10 da kuma PDS-20 da ya zo daga baya, Yamaha na da PS940, Gibraltar na da 6713E mai baki da yake kama bututun faranti. Na Roland ɗin da farantinsu suke zuwa, kan yana karkata yadda kake so, ƙafafun ƙarfe biyu-biyu ne, ka buɗe ka ɗora ka matse shi ke nan. Matsalarsa kuɗi, musamman in aka haɗa da kuɗin kawowa tunda ƙarfe ne mai nauyi. Ni a ganina wannan na mai maltifad ne, na'urar da fad-fad suke a jikinta, wanda dukan na'urar yake da makaɗi, SPD-SX kaɗai ya kai kilo biyu da rabi kuma Octapad SPD-30 ya fi shi nauyi, ga duka yana sauka a kai duk daren biki, to dole ƙasa ta zama mai ƙarfi. Amma modul da danna shi kawai ake da yatsa, TD-17 da bai ma cika kilo ɗaya ba, sai masa wannan sitan ɗin kamar ɗauko tirela ne don buhun gero ɗaya.

Wanda nake ba yawancin mutane shawara shi ne tsohon sitan ɗin simbal. Kusan duk ɗan ganga yana da ɗaya a jinge, in babu ma ana samun na hannu da araha a wajen masu kayan kiɗa. Hanya biyu ce. Ko ka zare bututun sama gaba ɗaya ka zura bututun faranti a ramin da ya bari, in kaurin ya zo daidai, don sitan ɗin simbal kala-kala ne, wani inci 3/4 wani 7/8 wani inci guda, shi ya sa na ce ka auna. Ko kuma ka sayi kilam mai baki biyu, baki ɗaya ya ciji sitan ɗaya ya ciji faranti, Roland na sayar da APC-33 wanda kilam ne da faranti a haɗe, Pearl da Tama da Gibraltar duk suna da nasu kuma ba dole sai na kamfanin modul ɗinka ba. Ta farkon ta fi tsayuwa don nauyin na tsakiya, amma ba ka samun karkatawa, sikirin ɗin sama zai riƙa kallo. Ta kilam tana ba ka karkata da juyi son ranka har ma ka bar simbal ɗin a samansa ka rage ƙafafu a ƙasa, sai dai nauyin ya koma gefe ɗaya, don haka ka juya sitan ɗin yadda ƙafa ɗaya za ta miƙe daidai ƙarƙashin modul, ka kuma buɗe ƙafafun sosai. Mutane da yawa ba sa yin wannan, sai yaro ya gifta ya ja waya da ƙafa komai ya kife. In dai da zaɓi ɗauki mai ƙarfe biyu-biyu, mai ɗaya-ɗaya ya isa a situdiyo inda ba mai taɓa shi, amma a filin biki ko coci inda ƙasa ba daidai take ba kuma jama'a na shawagi, a'a.

Abin da za ka duba a kilam na hannu: zaren notin mai fiffike, in ya fara cinyewa za ka ji yana juyawa ba ya matsewa, bar shi. Na roba kuma yana tsagewa in aka matse da ƙarfi, balle in ya sha rana a bayan mota.

Akwai masu sa maltifad a kwandon sitan ɗin siniya, hannaye ukun nan masu roba su kama shi. Yana yi, ba ka ma buƙatar faranti, sai dai sitan ɗin siniya gajere ne, in a tsaye kake kiɗa ba zai kai ba, kuma wani lokaci hannu ɗaya sai ya faɗo daidai bakin jak ko maɓallin wuta. Ƙaramin modul kuwa kwandon ba zai rufe ya kama shi ba.

Tiren laftof ko tiren da ake maƙalawa a sitan ɗin makirfo ya wadatar in a ɗaki ne ganga ba ta motsi, har ka samu wajen ajiye wayar hannu da iyafis, amma ajiye yake kawai ba a ɗaure ba, sai ka ga an nannaɗe shi da kyauro ya rufe rabin maɓallan. Kujerar roba kuwa da ake ɗora shi a kai a wajen biki ban sa ta a lissafi ba.

Sai maganar mai walda, don na san wani zai ce me zai hana a ƙera. Za a iya, kuma in faranti ne kawai ya ɓata wannan hanya ce mai kyau, ka zana ramukan a kwali ka kai masa kwalin, kar ka kai masa modul ya riƙa gwadawa kusa da tartsatsi, ka ce ya goge bakin ƙarfen ya yi sumul, in ƙarfen ya fi na asali kauri ko sirantaka ka sake duba tsawon sukurun. Amma cikakken sitan na walda nauyi gare shi, ba ya naɗewa, ba ya hawa ba ya sauka yadda kake so, ranar da za ka ɗauke shi a adaidaita za ka gane. Gara ya ƙera farantin da bututu mai milimita 22 ka ɗora a sitan ɗin simbal.

Wanda kuma matsalarsa kawai modul ya ɗan yi nisa ko ya yi ƙasa, ƙila ba ya buƙatar sitan ko kaɗan. Bututun rak ɗin Roland inci ɗaya da rabi ne, kilam ɗin yana zamewa hagu da dama in ka sassauta shi, wani lokaci matsar da shi tafi ɗaya ko mayar da shi ɗaya ɓangaren ya kashe magana, ba waya ƙari ba komai. Gwada wannan tukuna kyauta ne. In rawar ce ta dame ka, duba ko notin rak ne suka saki, kuma ka shimfiɗa kafet a ƙasa.

In ka riga ka ware shi a sitan, ɗaure wayoyin a jikin bututun ƙasa kaɗan da modul ka bar musu ɗan lanƙwasa, yadda in an ja sitan ne zai ji ba jak ba, haka wayar adafta, ka rataye ta a ƙugiyar da ke jikin na'urar in tana da ita. Lokacin hunturu kuma ka yafa masa ƙyalle in an tashi, tunda yanzu a fili yake ƙura ta ko'ina take shiga maɓallan da ramukan jak.